Kifin da Aka Ɗaure da Rai

Kwana uku ke nan ba a ji Tsohuwa a inda ta saba kiwo ba, Tolegen kuwa tun a kwana na biyu ya daina cin abinci.

Tsohuwa kifi ce, bekire, irin mai dogon hanci da ƙasusuwa jere a gadon baya. Tsawonta ya kai na mutum. Shi da kansa ya riƙe ta a cikin jirgi bara, kafin ruwa ya daskare, lokacin da Gulsim, malamar binciken kifi da aka turo daga birnin Atirau, ta ɗan tsaga cikinta ta cusa wata na'ura da ba ta wuce ɗan yatsa ba, ta ɗinke. A takarda lamba ce, arba'in da ɗaya. Tolegen ne ya sa mata Tsohuwa, don Gulsim ta ce ta haura shekara talatin. Tun daga ranar na'urar take bugawa a cikin ruwa, ƙit, ƙit, gwangwanayen sauraro da suka dasa a bakin kogin Jayik suna ɗauka. Da haka suka san inda ta kwanta duk tsawon sanyi, da kuma inda ta koma kiwo da ƙanƙara ta narke: wani shimfiɗaɗɗen taɓo inda ruwan kogi ke haɗuwa da na gishiri, cike da ƙananan katantanwa da jajayen tsutsotsi. Cikinta fal yake da ƙwai. Gulsim ta ce sati biyu ko uku suka rage ta hau kogi ta zuba su, kuma cikin duk waɗanda suka sa wa na'ura ita kaɗai ce mace mai ƙwai.

Shekara ashirin da biyu Tolegen ya yi yana kama irin wannan kifi kafin hukuma ta hana. Yanzu tuƙa jirgin masu bincike yake yi, yana nuna musu inda ruwa ke da zurfi da inda inji zai kafe. Ɗansa guda ne, Darhan, mai shekara ashirin da shida. Shekara biyu da suka wuce masu gadin ruwa sun kama Darhan da mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi tsirara da ake shimfiɗawa a ƙasan ruwa don ta cafki bekire yana kiwo. Alƙali ya rataya masa shekara uku, ya ce in aka sake ganin sa da ko ƙugiya ɗaya, zai yi su, a kuma ƙara masa wasu.

Abin da ya hana Tolegen cin abinci wata hira ce ta shan shayi. Sati guda da ya wuce, yana cikin jin daɗin aikinsa, ya jera ƙwayoyin sukari a kan shimfiɗar abinci yana nuna wa matarsa Zibagul: ga bakin kogi, ga tudun yashi, ga taɓon da Tsohuwa ke kiwo, kullum da hantsi tana bi ta nan ta dawo ta nan. Darhan yana gefe yana tsoma soyayyen ƙullun fulawa a cikin shayi, bai ɗaga kai ba. Tambaya ɗaya kawai ya yi.

"Gaba nawa ne zurfin wurin?"

Tolegen ya ce biyu da rabi. Sai da maganar ta fita ya gane abin da ya faɗa.

A safiyar kwana na huɗu suka fita da Gulsim, ta zura sandar sauraro cikin ruwa, ta sa abin ji a kunne. Suka zaga taɓon kiwon sau biyu, shiru. Suka bi gefen teku, shiru. Ta ce su koma ta gabas, su bi bakin kacala, doguwar ciyawar ruwan nan.

"Ba ta shiga can," in ji Tolegen. "Ruwan iya gwiwa ne, ƙasansa ruɓaɓɓen ganye. Me za ta ci?"

"Ni ma na sani, Tolegen aga. Amma mu bi. Man gwamnati ne, ba na gidanku ba."

Ya yi 'yar dariyar da take jira, ya karkata inji. Aga take kiran sa, wato yaya, don girmamawa. Kacala ta yi musu katanga a hannun hagu, ta fi mutum biyu tsawo, busasshiyar bara da sabuwar bana a cakuɗe. Suna wuce ƙananan hanyoyin ruwa da ke shiga cikinta ɗaya bayan ɗaya. Da suka doshi ta bakwai, wata 'yar siririya da baƙo ba zai ma lura da ita ba, Tolegen ya ƙara wa inji wuta.

Gulsim ta ɗaga hannu. "Kashe."

Ya kashe. Jirgi ya ci gaba da zamewa shi kaɗai. Ta juya sandar a hankali, ta tsaya, ta sake juyawa, ta dawo daidai bakin hanyar. Sai ta cire abin jin ta miƙa masa. Ba ya so ya karɓa, ya karɓa. Ƙit. Shiru. Ƙit. Can ciki, a raunane, amma ita ce.

Hanjin Tunkiya suke kiran hanyar a gidansu, saboda yadda take murɗewa. Mahaifinsa ne ya sare ta da lauje, ya nuna masa, shi kuma ya nuna wa Darhan. Can tsakiya akwai wani rami mai zurfin ƙirji, da turken itace a kafe.

Suka zauna minti ashirin Gulsim tana duba agogo tana rubutu. Ƙarar ba ta matsa ba, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

"Wataƙila mutuwa ta yi, ruwa ya turo ta," in ji shi.

"Ruwan nan fita yake yi, ba shiga ba. Kai ka koya mini." Ta dube shi. "Yaya kuke kiran abin nan, da kuke zura wa kifi igiya ta baki ta fito ta kunne, ku ɗaure shi a ruwa da ransa?"

"Kukan."

"Don kada ƙwai ya lalace kafin mai saye ya zo."

"A da ake yi ke nan, ƙanwata. A da."

"Mu shiga mu gani."

"Wannan jirgin ba zai shiga ba. Faffaɗa ne. Sai ƙaramin kwale-kwale da gora." Wannan kam gaskiya ce, ya kuma gode wa Allah da ta zama gaskiya.

Ta ciro waya. Ya bi ta da ido tana neman lamba. Ta gaya wa Bisen, shugaban masu gadin ruwa na yankin, inda suke da abin da ta ji. Bisen ya ce suna can wajen tsibirai, sai sun dawo sun ɗauki ƙaramin jirgi, ta jira su a mashigar ƙauye bayan azahar.

Da ta kashe wayar ta ce, "Ka yi fari fat, aga. Ko cikin ne?"

"Cikin ne."

Ya sauke ta a mashiga, ya ɗaure jirgi, ya tafi gida da sauri irin na wanda ba ya so a ga yana sauri. Zibagul tana tsakar gida tana goge tukunya da yashi.

"Ina yaron nan?"

"Ya fita tun safe. Ya ce kacala zai yanko a gyara rufin garke. Ka zauna, ga romon kifi da zafinsa."

"Da lauje ya fita?"

Ta waiga inda lauje yake rataye a jikin bango. Shi ma ya waiga. Ta ajiye tukunyar a hankali.

Ya ɗauki tsohon kwale-kwalen maƙwabci ba tare da ya nemi izini ba, ya bi ta bayan ƙauye. Awa guda ya yi yana tura gora, kafaɗunsa suna ƙuna. Cikin Hanjin Tunkiya babu iska ko kaɗan, sai sauro da warin ruɓaɓɓen ruwa. A wasu wuraren kacala ta haɗe a sama har sai ya sunkuya. Ya ga sabbin karaya a jikinta, daidai tsayin gefen jirgi.

Darhan yana zaune a cikin shuɗin kwale-kwalensa mai ƙaramin inji a bakin ramin, yana wasa wuƙa a dutse. A gabansa akwai roba biyu, da gishiri, da rariya. Igiya ta taso daga turke ta nutse cikin ruwa, a miƙe.

Ya ɗaga kai ya ga ubansa, bai razana ba. "Malamin kimiyya da kansa. Ina 'yar makarantar taka?"

"Kwance ta."

"Ka sha shayi kuwa, Baba? Kana haki."

"Akwai na'ura a cikinta. Tana bugawa. Yau da safe mun ji ta daga bakin hanya. An kira Bisen."

Wuƙar ta tsaya a kan dutsen. "Wace na'ura? Na duba ta ciki da waje, babu komai a jikinta. Ba ƙarfe a baya, ba waya."

"A cikin ciki take, an ɗinke. In kifi yana cikin ruwa ana jin ta. Da ka fitar da ita tudu tun ranar farko, da babu wanda zai ji komai har abada." Ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya ji kunya ta rufe shi, amma ya ƙarasa. "Kai kuma ka ɗaure ta a ruwa kwana uku tana kiran su."

"Wa ya koya mini?" in ji Darhan. "Wa ya mare ni ina shekara goma sha biyu don na bar kifi ya mutu a rana? Ka ce mahaukaci ne kaɗai ke kashe mai ƙwai kafin ya ga mai saye da idonsa. Mutumin nawa sai la'asar zai iso, motarsa ce ta lalace a hanya. Na yi yadda aka koya mini."

"Na koya maka. Yanzu ina ce maka ka kwance."

Darhan ya miƙe, kwale-kwalen ya yi tangaɗi. "To sai in farke ta yanzu. Minti goma. In cire musu abin wasansu in jefa a ruwa, su zo su yi ta saurare."

"Da jini a jirginka, da ƙwai a robarka, ka bi ta ina? Suna da jirgi a babban kogi."

"Ka san abin da ke cikin nan? Kilo takwas, in bai fi ba. Shekara biyu ina yankan kacala kamar jaki, ina kallon ka kana wanke wa 'yar birni takalmin roba. In ban kama ta ba, 'ya'yan Kuspan, masu mamarin nan, za su kama ta. In ba su ba, wani. Ba za ta kai inda za ta zuba ƙwan nan ba, kai ma ka sani. Mamari nawa ne tsakanin nan da Atirau? Ka ƙirga mata?"

Tolegen ya taɓa ƙirgawa, ya kuma daina. Ya ce, "Ba ita nake ji ba. Shekara uku, da abin da za su ƙara. Uwarka ba za ta kai ba."

"Kullum uwata."

"Nawa ka shimfiɗa?"

"Me?"

"Mamari. Nawa ne a ruwa?"

Darhan ya kau da kai. "Biyar. Akwai huɗu can a taɓon. Kai ka ce ba ita kaɗai ke kiwo a wurin ba."

Tolegen ya sauka cikin ruwan da tufafinsa. Sanyin ya doke shi a ƙirji har numfashinsa ya tsaya. Ya kama igiyar ya bi ta da hannu. Darhan ya riƙo ɗaya ɓangaren daga cikin jirgi ya fizga, uban ya fizga, igiyar ta goge masa tafin hannu. A ƙasa wani abu mai nauyi ya motsa sau ɗaya, a kasalance.

"Baba, saki."

"Sai dai ka sa mini wuƙar."

Suka tsaya haka, kowa da igiya a hannu. Darhan ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, su biyun sun sani. Sai ga ƙarar inji daga kudu, siririya, tana ɗaukewa tana dawowa. Bisen bai jira azahar ta wuce ba.

Tolegen ya ce, "Ba ni wuƙar. Ba ni robobin da gishirin, zuba su a wancan jirgin. Ka bi ta bayan rami, inda kakanka ya fasa, za ta fitar da kai babban kogi, ƙasa da mashiga. Ka tafi gida kai tsaye. Ka ɗauki lauje ka hau rufin garke, kowa ya gan ka."

"Kai fa?"

"Ni ba a taɓa kama ni ba. Na farko da sauƙi."

"A kan mai ƙwai? Mai lamba? Babu sauƙi, Baba."

"Darhan. Gida kai tsaye. Ka ce to."

Yaron ya dube shi, ya dubi igiyar, ya dubi inda ƙarar ke fitowa. Ya kwashe robobin ya jefa cikin kwale-kwalen maƙwabci, ya miƙa wuƙar ta ƙota.

"To," in ji shi.

Ya tura gora, kacala ta buɗe ta haɗiye shi.

Tolegen ya jawo Tsohuwa sama a hankali. Da ta bayyana sai ya ga bayanta ya yi fari-fari, ga ramuka uku a gefen ciki inda ƙugiyoyi suka shiga, naman ya kumbura. Igiyar ta ci kunnenta har ta yaga shi. Ƙullin irin nasa ne, wanda ba ya kwancewa in ya jiƙa, don haka ya yanke, ya zare igiyar ta baki a sannu. Ya sake ta. Ba ta tafi ba. Ta karkata gefe, farin cikinta ya fara juyowa sama.

Ya rungume ta ya daidaita ta, hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ɗaya a gindin wutsiya, yana tura ta gaba yana dawo da ita don ruwa ya ratsa kunnuwan da take numfashi da su. Gashin bakinta huɗu suna taɓa masa hannu. Kunnen mai lafiya yana buɗewa, ya daɗe, ya rufe. Ƙafafunsa suka mutu da sanyi. Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba, ya dai ji inji ya mutu a bakin hanya, ya ji gora tana bugun kacala, da muryar Bisen yana zagin sauro.

Su uku ne a ƙaramin jirgin: Bisen, da wani mai gadi riƙe da bindiga, da Gulsim a tsakiya da abin ji a wuya. Bisen ajinsu ɗaya da Tolegen a makarantar ƙauye. Ya dubi turken, ya dubi robobi da gishiri da rariya, ya dubi mutumin da ke tsaye cikin ruwa rungume da kifi.

"Kai, tsohon kwarto," in ji shi, ba tare da dariya ba. "Wanka kake yi mata?"

"Ni na kama ta."

Gulsim ta ce, "Ba kai ba ne. Ranar da ta ɓace muna tare tun safe har yamma."

"Mamari ba ya bukatar mai shi ya tsaya a kansa, ƙanwata. Na shimfiɗa kafin mu fita, na ɗaga bayan mun dawo. Wa ya san inda take kiwo in ba ni da ke ba?"

Bisen ya ɗauki guntun igiyar da ke yawo a kan ruwa, ya juya ƙullin a hannunsa. "Wannan ɗaurin gidanku ne, ba shakka. Gidan naku kuwa maza biyu ne." Ya dubi inda kacala ta karye a bayan rami. Ya daɗe yana kallon wurin. "Ina Darhan?"

"Yana gida yana gyaran rufi."

"Ka san shekara nawa ake ba mutum a kan wannan yanzu?"

"Na sani."

"In na rubuta, na rubuta, Tolegen. Ba a gogewa."

"Rubuta."

Gulsim ta riga ta sauko cikin ruwan. Ta sa hannu a kunnen kifin, ta jira, ta ƙara jira. Ba ta dubi Tolegen ba.

"Sake ta, aga," in ji ta. "Ta daina."

Ya ƙi saki. Sai da mai bindigar ya rataya bindigarsa ya sauko, su uku suka ɗaga ta suka shimfiɗa a cikin kwale-kwalen maƙwabci, kusa da gishirin. Wutsiyarta ta yi saura a waje. Bisen ya ce za a auna ƙwan a gaban shaidu, a rubuta nauyinsa cikin takardar ƙara.

Ba su sa masa ankwa ba. Suka zaunar da shi a gaban babban jirginsu da suka bari a bakin hanya, wani ya yafa masa bargo mai warin man inji, suka ɗaura kwale-kwalen a baya. Haƙoransa suna ta haɗuwa. Yana lissafi a zuci: ta bayan rami zuwa babban kogi rabin awa ne ga mai ƙarfi, daga nan zuwa gida kwata. Yanzu ya isa. Yanzu Zibagul tana riƙe masa tsani.

Suka fito babban kogi suka juya arewa, wajen ƙauye. Bisen yana waya, ya ba ruwa baya. Gulsim ta sunkuyar da kai kan littafinta, ba ta rubuta komai. Tolegen ne kaɗai yake kallon baya, shi kaɗai ya ga shuɗin kwale-kwale ya leƙo daga cikin kacala can ƙasa da su, inda ya laɓe yana jira su wuce. Mai shi ya tsaya har jirgin gadi ya yi nisa. Sannan ya ja igiyar inji, ya juya hancin kwale-kwalen kudu, wajen taɓon kiwo, inda sauran mamarinsa huɗu suke.

Tolegen ya buɗe baki, ya tuna wanda ke zaune kusa da shi, ya rufe.

"Me ka gani?" in ji Bisen, yana sa waya a aljihu.

"Ba komai. Agwagwa ce ta tashi."

Ya ja bargon ya rufe kansa.